Gwanintar Ceto Tsohon Gini da Kuɗin Sabbin Gidaje

A Ingila mallakar fili ba ta ba mutum ikon yin gini a kansa. Tun daga dokar tsara garuruwa da karkara ta 1947, ko gonar da mutum ya gada kaka da kakanni ce sai ya je ƙaramar hukuma neman izini kafin ya haƙa harsashi. Idan kuwa gonar a bayan gari take, inda aka keɓe domin noma da kiwo da shan iska, amsar da zai samu kusan kullum a'a ce. Wannan tsanani shi ya mai da takardar izini dukiya mai zaman kanta. Gonar da ake noma alkama a cikinta, ranar da aka sa hannu aka ce an yarda a gina gidaje a kanta, farashinta kan ninka sau goma-goma, a wasu yankunan kudancin ƙasar har ya doshi ninki ɗari, alhali ko bulo ɗaya ba a sauke a wurin ba.

Daga wannan rata da ke tsakanin kuɗin gona da kuɗin fuloti wasu mutane suka ƙware wajen ciro abin da ake ceto tsofaffin gine-gine da shi. Ga katafaren gida mai shekara 300, rufinsa ya ɓule, mai shi ba shi da halin gyara, gwamnati kuma ba ta da abin ba shi. Ga fili a gefensa wanda doka ta hana gini a kai. Sai hukuma ta ce: mun ɗage maka dokar sau ɗaya tak, gina gidaje kaza ka sayar, amma ƙarin darajar da izininmu ya jawo ta tsohon ginin ce, a kansa za ta ƙare. Mu kira shi ginin ceto. Faɗarsa a baki ba ta cin minti ɗaya. Yin sa yadda ya kamata kuwa yakan ci shekaru, kuma ina ganin waɗanda suka iya shi sun cancanci a san da su kamar yadda ake sanin manyan magina.

Sai an san irin asarar da Ingila ta tafka kafin a gane abin da ya sa ta yarda ta karya dokarta da hannunta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan gidajen karkara na masu sarauta da attajirai sun shiga uku. Sojoji sun zauna a da yawa daga cikinsu lokacin yaƙi, suka bar su a lalace. Barorin da ke share su da hura musu wuta sun koma masana'antu da ofisoshi. Harajin gado a kan manyan dukiyoyi ya kai kashi 80 cikin 100. Magada da yawa suka ga rusau ya fi musu sauƙi, har an ƙiyasta cewa a 1955 kowane kwana biyar sai an baje irin wannan gida guda. Sai a 1968 doka ta wajabta samun izini kafin a rushe ginin da ke cikin rajistar gine-ginen tarihi ta gwamnati. A 1974 gidan tarihi na Victoria da Albert da ke Landan ya baje kolin hotunan ɗaruruwan gidajen da aka rasa, hankalin jama'a ya tashi, kuma a shekarar da ta biyo baya Marcus Binney da abokansa suka kafa ƙungiyar SAVE Britain's Heritage domin kare irin waɗannan gine-gine.

Hana rusau ya yi amfani, sai dai hani ba ya toshe yoyo. Yau rajistar Ingila na ɗauke da gine-gine fiye da 370,000, mafi yawansu a hannun mutane masu zaman kansu. Doka ta ce kada ka rushe, kada ka canza ko taga sai da izini, amma ba ta haɗa maka da kuɗin gyaran rufi ba.

Tsohon gini kuwa daga sama yake fara mutuwa. Irin waɗannan gidaje suna da magudanar ruwa ta darma wadda ke ɓoye a bayan rawanin bango. Ganye ya toshe ta, ko ɓarayi su ɓamɓare darmar su kai kasuwa, ruwa ya riƙa tsiyaya cikin bango ba wanda ya gani. Kan azarar da ke cushe a bangon ya jiƙe, wata irin fumfuna mai cin katako ta kama shi, ta miƙa jijiyoyinta ta bayan filasta daga wannan ɗaki zuwa wancan. Mai binciken gini yakan kutsa can ƙarƙashin rufi da tocila da sukundireba, yana rarrafe cikin ƙura da kashin tantabara. Ya soka ƙarfen a jikin azara mai kauri, ya ji ya shige har ƙota ba turjiya. Ya san wannan azarar ta tafi, ya kuma san silin mai ado da ke rataye a ƙarƙashinta ranarsa kawai yake jira. Daga wannan rarrafe da soke-soke lissafin ke farawa, domin duk abin da idonsa ya tsallake yau zai fito ne a tsakiyar aiki, lokacin da kuɗi ya riga ya ƙare.

Lissafin ƙafa biyu gare shi. Ta farko: nawa za a kashe a gyara ginin a mai da shi abin amfanin da ya fi dacewa da shi, ko gidajen kwana ko otal ko makaranta, haɗe da ladan masu zane da injiniyoyi, da kuɗin ruwan banki, da ribar da ta dace ga wanda zai jefa dukiyarsa cikin haɗari. Ta biyu: nawa ginin zai yi a kasuwa bayan an gama. Idan ta farko ta ɗara ta biyu, abin da ke tsakaninsu shi ne giɓin da ake neman cikewa. Mu ƙaddara misali. Gyara zai ci fam miliyan 8, ginin kuma in an gama ba zai wuce miliyan 5 a kasuwa ba. Giɓi miliyan 3 ke nan, kuma ba ɗan kasuwar da zai taɓa wannan aiki da kuɗinsa. To idan kowane sabon gida, bayan an cire kuɗin gininsa da na titi da ruwa da wuta da ribar kamfani, zai bar rarar fam 150,000, gida 20 ake buƙata. Ashirin cif, ba ashirin da biyar ba.

A kan waɗannan biyar ɗin ake fafatawa, kuma a nan ake gane gwani. Kamfanin gine-gine yana son giɓin ya yi faɗi, domin faɗinsa shi ne yawan gidajen da za a bar shi ya gina. Saboda haka yakan ɗaga kuɗin gyara a takarda, ya rage farashin da yake sa ran sayarwa. Ƙaramar hukuma kan ɗauko nata mai kimanta kadara da nata mai ƙiyasin kuɗin gini, waɗanda ba su ci ba su sha da kamfanin ba, a buɗe musu littattafai su bi layi-layi. Me ya sa aka rubuta za a canza dukan tagogi 60 alhali 40 gyara kawai suke so? Me ya sa aka sa farashin sabon gida ƙasa da abin da irinsa ya yi a ƙauyen da ke maƙwabtaka? Jagorar gwamnati kan irin wannan lissafi tana ɗaukar kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin sayarwa a matsayin ribar da ta dace, kuma a babban aiki bambancin kashi ɗaya ko biyu kan zama ƙarin gidaje a kan ciyawar da ba za ta sake dawowa ba.

Ba a wayi gari da wannan tsantseni ba. A shekarun 1980 da 1990 an yi ta ba da izini da sunan ceto, a gina rukunin gidaje a sayar, kamfani ya kwashe nasa ya yi gaba, tsohon ginin na nan yana yoyo, ga shi kuma an cinye filin da ke ba shi kwarjini. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. A 1999 hukumar kula da kayan tarihi, English Heritage, ta fitar da matsaya mai tsauri, ta faɗaɗa ta a 2008, sannan magajiyarta a wannan fanni, Historic England, ta sake sabunta jagorar a 2020. Abin da ya fi burge ni a cikin sharuɗɗan shi ne yadda suka toshe ƙofofin wayo ɗaya bayan ɗaya. Idan ka sayi gidan da tsada fiye da ƙimarsa don kana hangen za a ba ka izini, wannan asararka ce, ba a sa ta cikin giɓi. Idan ka bar gini ya lalace da gangan don ka matsa wa hukuma lamba, ba a duba lalacewar wajen yanke hukunci. Kafin a saurare ka ma, ana so a ga ka sa gidan a kasuwa na tsawon watanni a farashi na gaskiya, ko Allah zai kawo wanda zai iya riƙe shi ba tare da an gina komai ba, a kuma ga ka ƙwanƙwasa ƙofar masu ba da tallafi. Matsalar da za a magance dole ta zama ta ginin, ba ta aljihun mai ginin ba.

Dalilin wannan taurin kai a fili yake. Hukuma ba ta fitar da ko sisi daga baitulmali ba, amma jama'a sun biya. Sun biya da gonar da ta zama unguwa, da motocin da suka ƙaru a kan siririyar hanyar ƙauye, da dokar da aka ɗage wa mutum ɗaya aka hana maƙwabcinsa. Abin ya yi kama da makiyayin da ya sayar da sa guda a tsakiyar rani don ya sayi dusa da harawa ya fitar da garke zuwa damina. Dabara ce mai kyau in sa ɗaya ne, in kuma kuɗin a bakin shanun ya ƙare. Wanda ya sayar da biyar alhali ɗaya ya isa, garkensa yake ci.

Bayan an daidaita kan yawa, sai maganar wuri, wadda a ganina ta fi lissafin wuya domin ido take so. Manyan gidajen karkarar Ingila ba a gina su su kaɗai ba. An tsara su ne tare da abin da ke kewaye da su: doguwar hanya mai itatuwa reras a gefe biyu, tafki da aka haƙa don a hango shi daga tagar falo, tudu da aka dasa wa kurmi don ido ya sami wurin tsayawa. Masu tsara lambuna irin su Lancelot Brown na ƙarni na 18 sun yi shekaru suna kwashe ƙasa da karkatar da rafuka don wannan hange kawai. Gida 20 da aka dasa a gaban tagar sun kashe rabin abin da ake son cetowa. Saboda haka gwani yakan zauna da tsofaffin taswirori ya gano inda a da ma akwai gini: bargar dawakai, ɗakunan ma'aikata, lambun kayan miya mai doguwar katanga, ko inda sojoji suka bar rumfunansu na kwano, ko filin ajiye motoci da wata makaranta ta malale da kwalta. Yakan taka da ƙafa ya tsaya a bakin kowace babbar taga, ya duba abin da za a hango lokacin sanyi, sa'ad da itatuwa suka zubar da ganye suka daina rufa wa kowa asiri. Wani lokaci amsar da ta fi ita ce a kai sabbin gidajen wani filin dabam na mai gidan, can gefen gari, kuɗin kawai ya dawo. Yakan kuma hana a yayyanka harabar da shingaye kowa ya kewaye tasa, domin wurin da aka tsara shi a dunƙule sai an riƙe shi a dunƙule.

Sai lauya ya shigo. Duk abin da aka yarda a kai ana ɗaure shi cikin yarjejeniya a ƙarƙashin sashe na 106 na dokar tsara garuruwa ta 1990, kuma wannan yarjejeniya filin take bi, ba mutum ba: ko an sayar da wurin sau uku, wanda ya saya ya sayi alkawarin. Gwanintar a nan ta jeranta aiki ce. Kamfani na buƙatar ya sayar da wasu gidaje kafin ya sami kuɗin gyara, hukuma kuma na tsoron ya sayar da duka ya ɓace. Sai a rubuta, misali, cewa ba mai tarewa a gida na shida sai rufin tsohon ginin ya kammala ruwa ya daina shiga, kuma ba mai tarewa a biyar na ƙarshe sai jami'in kula da kayan tarihi ya zagaya ya sa hannu. Sau da yawa akan ƙara da jinginar kuɗi a banki, wadda hukuma za ta ɗauka ta ƙarasa aikin in kamfani ya durƙushe. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma aikin lauyan shi ne ya tabbata aska ta hau kai kafin ladan ya gama shiga aljihu.

Wanda ke son ganin wannan ɗauri a babban aiki ya dubi tashar wutar lantarki ta Battersea da ke bakin kogin Thames a Landan, wadda Giles Gilbert Scott ya zana fuskarta. An rufe ta a 1983. A ƙarshen shekarun 1980 wani ɗan kasuwa ya kware rufinta da niyyar mai da ita wurin wasanni, kuɗi ya yanke masa, ginin ya zauna a buɗe ruwa na dukansa fiye da shekara 20, masu saye suna zuwa suna faɗuwa. A 2012 wasu kamfanonin Malesiya suka saye ta da filin da ke kewaye da ita a kan fam miliyan 400. Ba gidan karkara ba ne, amma hikimar ɗaya ce: dubban gidajen da za a gina a kewaye su ne za su ɗauki nauyin tsohuwar tashar. Rukunin farko an sayar da mafi yawansa a kan takarda a farkon 2013, tun ba a gina ba.

Dogayen bututun hayaƙinta guda huɗu, waɗanda da su ake gane ta daga nesa, ƙarfen cikinsu ya yi tsatsa, sai an sauke su an sake. Mutanen Landan suka ji tsoro, kuma da gaskiyarsu: in aka sauke huɗun sannan kamfani ya karye fa? Sai aka ɗaure shi da sharaɗi. Guda ɗaya zai fara saukewa, kuma ba zai taɓa sauran ukun ba sai sabon ya tashi ya kai mita 25, ga kuma kuɗin jingina a ajiye. Aka sake gina su da irin dabarar farko, ana kai kankare sama ana zubawa da baro, zobe bisa zobe, baro wajen 25,000, aka gama a 2017. Jan bulon da aka cike gurabe da shi, fiye da miliyan ɗaya da rabi, an koma wurin masana'antun da suka yi na asali ne aka sa su suka buga, don launi ya dace da launi. A watan Oktoban 2022 aka buɗe ginin ga jama'a, da kantuna da ofisoshi da gidajen kwana 254 a cikinsa.

Ina yaba wannan aiki, amma ba zan ɓoye abin da ya ci ba. Dogayen benayen da aka jera sun tare tashar ta wasu ɓangarori, har sai mutum ya zo bakin kogi yake ganin ta sosai. Kuma a 2017 ƙaramar hukumar Wandsworth ta yarda a rage gidaje masu rahusa da aka yi alkawari daga 636 zuwa 386, bayan kamfanin ya kawo kukan cewa kuɗin gyara ya hauhawa. Iyalai 250 ke nan masu ƙaramin ƙarfi da za su sami muhalli a wurin ba su samu ba. Wannan ma yana cikin farashin bututun hayaƙin, kuma mai lissafin gaskiya ba ya cire shi daga takarda.

Akwai kuma haɗarin da ba lauyan da ke iya ɗaurewa, wato kasuwa. A 2007 aka sa Dumfries House a kasuwa, wani gida a yankin Ayrshire na Sikotland da 'yan'uwan nan John da Robert Adam suka gina a shekarun 1750, cike da kujeru da kabad na shahararren kafinta Thomas Chippendale waɗanda aka saya domin gidan tun farko. Saura ƙiris a yi gwanjonsu a Landan su watse a duniya, sai Yarima Charles, Sarkin Ingila na yanzu, ya haɗa kan ƙungiyoyi aka tara fam miliyan 45, ciki har da bashin miliyan 20 da gidauniyarsa ta ɗauka. Niyyar ita ce a gina sabuwar unguwa mai suna Knockroon kusa da garin Cumnock, gida 770, ta taimaka wajen biyan bashin. Shekara guda bayan haka tattalin arziƙin duniya ya rufta, darajar filaye ta faɗi, yankin kuma dama tsohon wurin haƙar kwal ne da aikin yi ya yi wa ƙaranci. Gidajen da aka gina a kashin farko talatin ne da 'yan kai. Tsohon gidan ya tsira, yana nan a buɗe ana ziyara ana koyar da sana'o'i, amma da taimakon masu ba da gudummawa ya tsira. Ginin ceto yana aiki ne inda mutane ke rububin gidaje. Inda ba masu saye, takardar izini ba ta haifar da komai, kuma sau da yawa a irin waɗannan yankuna ne tsofaffin gine-ginen suka fi buƙatar agaji.

Cewa a'a ma yana cikin sana'ar. Bramshill House a Hampshire gida ne na farkon ƙarni na 17, yana mataki mafi girma a rajista, ya kuma daɗe yana zaman kwalejin horar da manyan 'yan sanda. Kamfanin da ya saye shi ya nemi gina gidaje 235 a harabarsa. Ƙaramar hukuma ta ƙi, mai sauraron ƙorafi ta gwamnati ta ƙi wannan ɓangaren a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2021. Ba wanda ya musanta cewa gidan na buƙatar kuɗi. Abin da aka gani shi ne cutar da unguwar za ta yi wa wurin ta fi abin da za ta kawo masa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A cikin duk masu wannan harka, wanda na fi ganin girmansa shi ne Kit Martin, domin shi ya nuna cewa sau da yawa sabbin gidajen suna cikin tsohon ginin a ɓoye, ido kawai suke jira. Tun daga shekarun 1970 ya riƙa sayen manyan gidajen da kowa ya yanke wa ƙauna, irin su Dingley Hall a Northamptonshire, da Gunton a Norfolk wanda gobara ta cinye wani sashensa tun 1882, da Burley-on-the-Hill. Wasu in sun sami irin wannan gida sukan yanka shi a kwance, hawa-hawa, su datse manyan zauruka da bangon katako. Shi a tsaye yake rabawa. Yakan nemi bangayen da dama can suka raba ginin, sai ya ba kowane iyali nasa sashe tun daga ƙasa har rufi, da ƙofarsa da matakalarsa, babban falo ya zauna babban falo ba a taɓa silinsa ba. Barga da madafa da ɗakin wanki da gidan mai lambu duk su zama gidajen kwana. Yakan gyara sashe ɗaya ya sayar, kuɗin ya gyara na gaba. Wanda ya tsaya daga nesa gida ɗaya zai gani kamar yadda aka gina shi, alhali iyalai da yawa ne a ciki, kuma kowannensu yana zuba kasonsa na kula da rufi da haraba duk shekara.

Wannan kaso na shekara-shekara shi ne maganin babban raunin da ke cikin tsarin gaba ɗaya. Fili sau ɗaya ake sayar da shi, rufi kuwa bayan shekaru zai sake neman gyara, kuma ranar ba sauran gonar da za a yanka. Ƙwararru sun san haka, shi ya sa yarjejeniya mai kyau ba ta tsayawa a kan gyaran yau. Sai ta bar wa ginin abin da zai ci gobe: mazauna masu biyan kuɗin kula, ko asusu da aka ware, ko haya mai shigowa.

A nan duniyar Musulmi ta riga su da ƙarnoni, ta hanyar waƙafi. Wanda ya gina masallaci ko makaranta a Alƙahira ko Istanbul ba ya tafiya sai ya gina abin da zai ciyar da shi. Kasuwar kayan yaji ta Istanbul, wadda ake kira Kasuwar Masar, an gina ta a shekarun 1660 a matsayin ɓangare na Sabon Masallaci da ke kusa da ita, hayar shagunanta na tafiya wajen hidimarsa. A Alƙahira, masaukin fatake da Sarki al-Ghuri ya gina a farkon ƙarni na 16 yana da rumbunan kaya a ƙasa, a sama kuma gidajen haya, kuɗinsu na shiga waƙafinsa. Bambancin shi ne waƙafi ba ya sayar da uwar dukiya, 'ya'yanta yake ci. Abin da Ingila ta ƙara a kai shi ne awo: lissafin giɓi a fili, mafi ƙarancin gini, da takardar da ke hana mutum cin riba kafin ya cika alkawari.

Mu ma muna da duk kayan haɗin. Ginin ƙasa ya fi na dutse buƙatar hannu, domin yaɓe yake so kafin kowace damina, kuma ganuwar Kano da tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta wajen shekara 900 da suka wuce, wadda ke jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007, kowa na ganin yadda ruwa da gine-gine ke cin ta. Filayen da ke kusa da tsofaffin ganuwoyi a Kano da Zariya da Katsina suna cikin mafi tsada a garuruwan. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 kuma ta sa filayen birni a hannun gwamna, wato takardar da ke mai da fili dukiya a hannun hukuma take, kamar dai a Ingila. Abin da ya rage shi ne a ɗaura ɗaya a jikin ɗaya.

Saboda haka ina kira ga masu sa hannu a takardun fulotai da shaguna a kewayen waɗannan wurare. Kada a ba da ko taku ɗaya a kan ganuwar kanta. Wanda za a ba fili a kusa da ita, a rubuta masa a takarda mita nawa na badala zai gyara, da ƙasa da makuba a hannun maginan gargajiya ba da siminti ba, a hana shi buɗe shago sai an je an duba aikin, a kuma ware wani kaso na hayar shagunan domin yaɓen kowace shekara.